Karen Alhaji Idi da Kilon Nama

Habu, mayar da salularka aljihu, na gani. Na ga Baturen, na ga karensa, na ga ɗanyen naman da ya jera masa a faranti kamar za a kai wa baƙo. Ku huɗu kun haɗa kuɗi za ku sayo ƴaƴan karnukan Turawa daga tsallaken iyaka, ku yi ta ba su ɗanyen nama, su girma ku kai wa masu kuɗin Damagaram. Kun zo kuma ku ji ko Baba Sanda zai riƙa ba ku naman da rahusa. Madalla. Amma ku gyara zama a tabarmar nan tukuna. Shekara talatin da wani abu ke nan ina yanka wa karnuka da kyanwoyi abinci a kasuwannin ƙasar nan, daga Dogo-Dogo zuwa Kwaya har Magariya, kuma duk wanda na ga ya shigo harkar yana cewa mai sauƙi ce, bai kai damina biyu a cikinta ba.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar shi ne riƙe tasa. Kawuna Barmo, wan mahaifiyata, mahauci ne a kasuwar Dogo-Dogo, shi ya ɗauke ni ina da shekara goma sha biyar. Na zo da zumuɗin zai miƙo mini barho, babbar wuƙar nan da ake raba cinya da ita, sai ya miƙo mini wata tsohuwar tasa mai lotsattsen baki da guntuwar wuƙa wadda washi ya cinye rabinta. Ya ce, "Duk abin da mutum ba zai sa a tukunya ba, naka ne. Ka tara, ka wanke, ka kasa. Maharba za su zo bayan azahar."

Na ɗauka kafin hantsi tasar za ta cika. Ina! Ku da kanku kun san mutanenmu ba sa barin komai a jikin dabba. Huhu mutum yana ci, tumbi da hanji su ake rububi, kai da ƙafa kuwa masu langaɓu suna tsaye suna jira tun ba a gama fiɗa ba. Abin da ya saura wa kare shi ne tantani, da kaluluwa, da guringuntsin maƙogwaro, da hantsar tsohuwar saniya, da jijiyar da ta fi ƙarfin haƙorin mutum. Sa guda, ƙato, da ƙyar yake cika tasa ɗaya. Wannan ne ba a nuna muku ba. Duk abin da ka ba kare bayan ƴar tasar nan, daga tukunyar wani ka ciro shi, kuma kuɗin da mai tukunyar zai biya shi za ka biya.

A kasuwata ta uku na yi ɓarnar da har yau nake tunawa. Ina cire matsarmama daga jikin hanta, wuƙa ta zame, abin ya fashe a cikin tasar. Na waiga, Kawu yana can yana ciniki. Na zuba ruwa na ɗauraye da sauri, na ce a raina ai kare ne, me ya sani. Wani maharbi ya zo da karnukansa uku, ya biya dala goma, ya zube musu a ƙasa. Suka sunsuna, suka ɗaga kai suka dube shi, suka koma gindin bishiyar bedi suka kwanta. Kawu bai yi faɗa ba. Ya dangwali ruwan tasar da yatsa ya ce, "Buɗe baki." Kwana biyu ɗacin nan yana maƙogwarona. Ya mayar wa maharbin kuɗinsa, sannan ya ce mini, "Mutum kana iya yi masa daɗin baki ya sayi abin da ba ya so. Kare ba ya jin ciniki, hancinsa kawai yake bi."

Shekara huɗu na yi a ƙarƙashinsa kafin ya bar ni na kafa nawa teburin. Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan kuna gani, amma kowanne da dalilinsa. Wuƙa biyu ce: wannan ta naman mutane, waccan mai jan ƙyalle a ƙota ta tasar karnuka. Ba sa haɗuwa, ko a wurin wanki. Da zarar mace ta ga wuƙar da ta shiga tasar kare ta taɓa naman miyarta, ka rasa ta, ka rasa duk matan layinsu. Kututture ma biyu ne, na kirya, don shi ne gitta ba ta saurin cinye shi. Gittar kuwa ta sara ƙashi ce, kuma saran ƙashin kare ilimi ne. Ana sara shi manya-manya, a kan gaɓa, yadda zai gwaigwaya ba zai haɗiye ba. Ƙashin da aka dafa ba a ba shi, don yana tsagewa kamar tsinke ya tsaya a maƙoshi. Sai dutsen washi, da ƙugiya, da bidon ruwa, wato jarka, da toka da sabulu. Riga ma biyu nake zuwa da ita kasuwa, don in karnukan masu saye sun goge ni, ba da ita zan shiga masallaci ba.

Wata ranar kasuwa likitan dabbobi ya zo duba yanka, kamar yadda ya saba, yana buga tambarinsa a kan abin da ya amince. Ya ƙi wani huhun tunkiya mai ƙullutai cike da ruwa, kamar an dasa ƙananan ƙwai a ciki. Ni kuwa murna ta kama ni, don huhu sukutum ya faɗo tasata a kyauta. Ina miƙa hannu ya riƙe ni.

"Ina za ka kai shi, Sanda?"

"Karnuka mana, likita. Ai ba mutum zai ci ba."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Kare ya ci ƙullutun nan, tsutsa ta zauna a cikinsa. Ya je ya yi kashi a ciyawa ko a bayan gida, tumaki su ci, yaran da ke wasa a ƙasa su sa hannu a baki, ciwon ya koma hantar mutum. Ya sa na haƙa rami da hannuna, muka zuba kalanzir muka ƙone huhun, muka binne. Tun daga ranar duk abin da likita ya ƙi, ni ma na ƙi shi, kuma duk wanda yake sayen ɗanye a wurina ina matsa masa ya riƙa ba karensa maganin tsutsa. Ku sa kuɗin maganin nan a lissafinku, don ba kyauta ake ba da shi ba.

Kyanwa kuwa ƙarama ce, amma ta fi kare fitina. Akwai Iya Tabawa a Kwaya, mai yin mai da ƙuli-ƙuli, tana ajiye buhunan gyaɗa a ɗaki biyu, ɓeraye sun hana ta sakat. Ta samo kyanwoyi uku, wani ya ce mata kada ta ba su komai, yunwa ce za ta sa su farauta. Yunwar ta sa su farauta kuwa, amma ƴan tsakin maƙwabta suka bi, har aka kai ƙararta wurin mai gari. Ta zo wurina tana huci. Na ce mata kyanwa ba kare ba ce, ba za ta rayu da tuwo ba, nama take so, amma kaɗan. A ba ta abin da zai riƙe ta a gida, ɓera kuwa ko ta ƙoshi sai ta kama shi, don halinta ne. Na riƙa yanka mata zuciya da ƴar saifa ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar wake, na dala ashirin kowace kasuwa.

Wata rana ta dawo mini da ƙullin a hannu ta dire a kan tebur.

"Sanda, ni za ka cuta? Naman jiya ka ba ni."

"Iya, wa ya gaya miki?"

"Baƙar kyanwar ta gaya mini. Ta sunsuna ta juya mini baya."

Gaskiyar baƙar ce. Na kwanan jiya ne na haɗa da na yau don kada ya lalace a hannuna. Na canja mata, na ƙara mata da hanta, masu teburin kusa da ni suna ta dariya. Har ta rasu, Allah ya jiƙanta, in ta zo saye sai ta ce, "Ka yanka da kyau, mai duba aikinka tana gida."

To, yanzu ga wanda ya yi irin abin da kuke shirin yi, kuma shi da kuɗinsa ya yi. Alhaji Idi ɗan kasuwa ne a Magariya, yana sayen wake da riɗi yana tarawa a mangaza, wato babban ɗakin ajiyarsa da ke bakin gari. Sau biyu ɓarayi suka fasa masa. Da ya tsallaka iyaka cin kasuwa sai ya dawo da wani kwikwiyo mai tsayayyun kunnuwa, baƙin baya, jan ciki, ƙafafunsa kamar na ɗan maraƙi tun yana wata huɗu. Ya sa masa suna Kumandan, kamar wani babban soja. Ya aiko aka kira ni.

Na tarar da shi a kujera a ƙofar mangaza, da wata takarda a hannu wadda mai sayar da karen ya rubuta masa. Ya ce, "Sanda, an ce kai ne ka san cikin kare a ƙasar nan. Wannan ba irin naku ba ne. Ba ya cin tuwo, ba ya cin dafaffe. Jan nama ɗanye, tsoka zalla, kilo guda kullum. Za ka iya?"

Na ce, "Alhaji, iyawa zan iya. Amma tsoka zalla ba za ta riƙe shi ba, kuma za ta cinye ka."

Ya yi dariya ya kaɗa takardar. "Kai dai kawo. Buhu nawa ɓarayi suka kwashe mini?"

A lokacin kilon nama jika biyu ne, dala ɗari huɗu ke nan. Ku buga a wata, jika sittin. Buhun hatsi biyu da ɗoriya, abin da gida mai mutum takwas zai ci ya yi hamdala. Kuma wannan kuɗin nama ne kaɗai. A ƙauyukanmu ba kullum ake yanka ba, sai ranar kasuwa, ɗanyen nama kuwa a zafin bazara ba ya kai la'asar. Don haka sai na bi kasuwanni da moto, wato babur, yau nan gobe can, in sayo in kai Magariya. Ga isansi, man da moto yake sha, ga gyaran taya, ga ƙanƙarar da nake sawa a akwati. Alhaji ya sayi firigo na sanyaya nama saboda kare, abin da bai taɓa saya wa gidansa ba. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kwana biyu, naman sati ya yi tsami, muka binne shi a bayan mangaza, Kumandan yana tsaye yana kallonmu kamar shi ya biya.

Labari ya bazu a gari. In na tsaya da moto a tasha sai ka ji ana cewa, "Ga mai abincin Kumandan nan." Mai gadin mangazar, wani dattijo, yakan karɓi ƙullin daga hannuna ya auna shi a tafinsa, ya ce, "Sanda, ni da nake gadin nan shekara tara, rabona da tsoka irin wannan tun layya." Uwargidan Alhaji ma ta aiko mini da saƙo, wai in na kawo na Kumandan in riƙa tunawa su ma suna da haƙora.

Bayan wata uku Alhaji ya kira ni hankali a tashe. Karen ya daina gudu, ƙafafunsa na gaba sun fara lanƙwashewa, in ya tashi sai ya yi kuka. Alhaji ya ce sammu aka yi masa. Na ɗaga ƙafar na duba, na ce ba sammu ba ne, yunwa ce.

"Yunwa? Kare yana cin jika biyu kullum ka ce mini yunwa?"

"Yunwar ƙashi, Alhaji. Kura in ta kama akuya ba cinya kaɗai take ci ba. Da ƙashi da ciki da guringuntsi take haɗawa. Kwikwiyo mai girma da sauri haka, in ba ya cin ƙashi, da me zai gina nasa?"

Bai yarda ba sai da muka ɗauko likitan dabbobi, shi ma ya faɗi abin da na faɗa, ya ƙara da wani farin gari da za a riƙa barbaɗawa. Daga nan Alhaji ya sakar mini. Na rage tsoka zuwa rabi, na cike da haƙarƙarin akuya ɗanye, da maƙogwaro, da tumbin da ba a wanke sosai ba, da ƴar hanta sau biyu a sati. Kafin wata biyu Kumandan ya miƙe. Ya zama ƙato, in ya yi haushi har a tasha ana ji, kuma gaskiya ba a sake fasa mangazar ba. Kuɗin ya ɗan sauka, amma bai taɓa sauka ƙasa da buhun hatsi ɗaya da rabi a wata ba. Shekara biyu muna haka, kuma a shekara biyun nan na rufa ɗakina da kwano, ba zan ɓoye muku ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Ku kuna ƙanana lokacin. Ruwa ya ɗauke hatsi yana fitar da kai, wake bai yi ba, ciyawa ta ƙare tun kafin tsakiyar rani. Da farko mu mahauta muka ga kamar kasuwa ce ta buɗe, don makiyaya suna ta kawo shanu suna sayarwa a kuɗin rago kada su mutu a hannunsu. Amma shanun fata ce da ƙashi, ka feɗe ka rasa abin kasawa. Da aka shiga bazara kuma sai yankan ya tsaya. Wanda dabbarsa ta tsira ba zai sayar ba, wanda ke son nama ba shi da kuɗi. Kasuwar da ake yanka shanu biyar ta koma akuya uku. Kilo ya ninka.

A wata kasuwar Dogo-Dogo ina zaune da ƴar tasata, ko rabi ba ta kai ba, sai ga wani magidanci da na sani, manomi ne mai mutunci, mai ƴaƴa shida. Ya tsaya ya yi ta gaisuwa, sannan ya sunkuyo ya ce a hankali, "Sanda, ba ni na kare na dala ashirin."

Na san ba shi da kare. Bai taɓa ajiye kare ba. Ban tambaye shi ba. Na ajiye wuƙa mai jan ƙyalle, na ɗauki ɗaya wuƙar, na je teburin Kawu na yanko jijiya da guringuntsi da ɗan kitse daga abin da bai taɓa tasar ba, na ƙulle masa. Na ce, "A dafa wa karen sosai, ya daɗe a wuta." Ya ce to. Kafin a tashi kasuwa mutum huɗu suka zo da irin wannan maganar.

Da yamma na gaya wa Kawu Barmo, lokacin ya tsufa, zama kawai yake a bakin tebur. Ya ce, "Daga yau duk abin da ya halatta mutum ya ci, ba ya shiga tasar nan." Haka muka yi. Jijiya, guringuntsi, hantsa, kunne, duk suka koma teburin mutane a kan kuɗi kaɗan. Maharba da masu garka suka yi fushi, wasu suka daina gaishe ni. Sana'ata ta tsaya cik, na koma dako da moto don in ci abinci.

Saura Alhaji Idi. Na hau moto na je Magariya hannu wofi, ina ta shirya yadda zan gaya masa ba zan ƙara kawo kilon Kumandan ba ko nawa zai biya. Na tarar da ƙofar mangaza a buɗe, ciki wayam, ko buhu ɗaya babu. Alhaji yana zaune a tabarma, kujerar ma an sayar. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Sanda, ka zo daidai. Me kare zai tsare a nan? Dube shi. Na nemi mai saye har Damagaram, kowa ya ji abin da yake ci sai ya ce Allah ya ba da sa'a. Mai gadi ya ce in sa a kai shi daji a sake. Ni kuwa ba zan iya ba, shekara biyu yana tsare mini dukiya. Ka tafi da shi."

"Alhaji, ni da me zan ciyar da shi?"

"Kai ne ka san cikin kare."

Moto ba zai ɗauke shi ba. A amalanken jaki na kai shi, ɗaure da igiya biyu, jakin yana tafiya yana waige. Na kai shi garkar raken ƙanena a fadama, inda awaki da ɓarayin rake suka dame su. Na dama masa dusa da ruwan zafi, na zuba ɗan tsamin nono da jinin da na tara a wurin yanka na dafa, na ajiye masa. Ya sunsuna, ya dube ni, ya je ya kwanta. Washegari haka. Rana ta uku haka, ruwa kawai yake sha, haƙarƙarinsa sun fara fitowa. Ƙanena ya ce, "Yaya, zai mutu a hannunmu, a ce mun kashe karen Alhaji." Ni ma na tsorata, amma ko na so ba ni da kilon da zan ba shi.

Akwai wata karya a garkar, irin tamu, ja, siririya, wadda ba ta taɓa ganin tsoka ba sai a mafarki. Kwana ukun nan ita take cinye abin da ya bari. Rana ta huɗu da safe na ajiye kwanon a tsakaninsu da gangan. Ta taso tana kaɗa wutsiya, ta sa baki. Kumandan ya ɗaga kai. Ya ga wata tana cin abin da aka ajiye da sunansa. Ya yi wata ƙara, ya ture ta da kafaɗa, ya sa kai a kwanon, bai ɗago ba sai da ya lashe shi tas. Ni da ƙanena muka zauna a bakin rijiya muna dariya har da hawaye.

Bai zama lafiya lau nan take ba. Ya yi zawo sati guda, ya rame, gashinsa ya zube. Na riƙa haɗa masa da abin da na samu: ɗanyen ƙashi in an yi yanka, kaluluwa da tantanin da mutum ba ya ci, fara in yara sun kamo da yawa, gafiyar da shi da kansa ya koyi tonowa a bakin garka. Da damina ta dawo, dabbobi suka murmure, tasata ta sake cika, sai abincinsa ya tsaya a kan tuwon dawa da nono kullum, ɗanyen nama da ƙashi ranar kasuwa. Abin da yake ci a wata bai kai abin da yake ci a kwana huɗu a Magariya ba. Ma'aikatan garkar suka sake masa suna, suka koma kiransa Na-Tuwo. Rake kuwa tun da ya zo ko kara ɗaya ba a sake karya ba.

Bayan shekara biyu Alhaji ya farfaɗo, wake ya yi, mangaza ta sake cika. Wata rana da hantsi sai ga shi a garkar, ya ce ya zo ganin tsohon ma'aikacinsa. Karen yana kwance a inuwar mangwaro, ya yi ƙiba, gashi yana sheƙi, kwiyakwiyi biyar suna hawa bayansa, ƴaƴan da jar karyar ta haifa masa.

Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Kumandan!"

Ko kunne bai motsa ba.

Ƙanena ya ce, "Na-Tuwo, zo nan." Karen ya taso da gudu, ya tsaya, ya sunsuni gefen rigar Alhaji, sai ya gane shi. Ya yi ta tsalle yana kuka yana zagaye shi, Alhaji yana ja da baya yana tattare riga yana cewa, "To, to, na gode, kada ka karya mini tsarki."

Da ya zauna ya ce, "Wato an sauke shi daga muƙami."

Na ce, "An sauke shi, Alhaji, amma aikin yana nan yana yi."

Ya tambayi abin da yake ci, na gaya masa. Ya hau lissafi yana motsa yatsu, ya kai wani wuri a lissafin ya tsaya, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa. Na ce in yana son karensa ga shi nan, nasa ne. Ya dubi karen, ya dubi raken, ya girgiza kai ya ce a bar shi inda ya saba. Sannan ya nuna kwiyakwiyin da sandarsa.

"Ɗaya daga cikin waɗannan zan ɗauka. Kai za ka zaɓa mini, Sanda. Ka duba da kyau, ka ba ni wanda ya gaji muryar ubansa, amma cikin uwarsa."